Ku Tambaya Mu Amsa: Me ke sa halitta ta yi yawa, me kuma ke taka mata birki?

Wasiƙun wannan fitowa sun zo daga manomi, da makiyayi, da mai kiwon kifi, da ɗalibai. Kowa da damuwarsa, amma lissafi ɗaya ne ke ƙarƙashinsu. Yawan kowace halitta a wuri yana hawa ne ta haihuwa da shigowar baƙi, yana sauka ta mutuwa da ƙaura, sannan akwai iyakar abin da wurin zai iya ciyarwa.

TAMBAYA: Na ɗura wake buhu shida bayan kaka. Da na duba a lokacin, ƙwaro ɗaya-ɗaya ne kawai. Da na kwance a watan Afrilu, kusan rabin kowane buhu ya zama gari. Gaskiya ne waken da kansa ke haifar da ƙwaron?
Daga wani manomi a Bichi

AMSA: Malam, wake ba ya haifar da ƙwaro. Tun daga gona ka taho da shi. Macen tana manna ƙwai a jikin kwanson wake tun yana tsaye, ko a jikin ƙwayar bayan an casa. Ƙwan fari ne, ƙarami, wanda sai ka kai ido kusa za ka gan shi kamar ɗigon gishiri. Tsutsar da ta fito ba ta yawo a waje, kai tsaye take huda ƙwayar ta shige ciki, a nan take ci har ta rikiɗa. Wannan rami mai da'ira da kake gani ƙofar fitar babban ƙwaro ce, wato ɓarnar ta riga ta auku kafin ka gan shi. A yanayi mai zafi, daga ƙwai zuwa babba mako uku ne zuwa huɗu. Sanyin hunturu yana jinkirta su, shi ya sa a Disamba da Janairu mutum ke ganin kamar lafiya lau, da zafin Maris ya shigo sai abin ya ɓalle.

Mu yi lissafi da misali. A ce mata goma ne kacal a buhunka, kowace ta saka ƙwai 60, rabi suka rayu, rabin waɗanda suka rayu mata ne. Kowace mace ta bar mata 15 ke nan. Zubin farko mata 150. Na biyu 2,250. Na uku 33,750. Na huɗu ya haura 500,000. Buhu mai kilo 100 na farin wake mai manyan ƙwayoyi kuwa kimanin ƙwaya rabin miliyan ne a cikinsa. Ka lura da inda haɗarin yake: a wata biyun farko ba abin da ido zai gani, a wata na ƙarshe kuma aka yi kusan duk ɓarnar. Haka hauhawar ninki take a kowace halitta muddin abinci na nan kuma ba mai cin ta. Daga baya yawan zai tsaya da kansa, domin tsutsotsi da yawa za su cunkushe a ƙwaya ɗaya, su fito ƙanana, ƙwansu ya ragu. Sai dai a lokacin wakenka ne ya ƙare.

Tunda ba za ka iya hana su abinci ba, sai ka hana su iska. Wannan ita ce hikimar buhu mai ninki uku, irin na PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Ka shanya waken ya bushe ƙarau, ka sheƙe ƙaiƙayi da tsinke don kada su huda leda. Kafin ɗuri ka hura kowace leda ka matse, ka tabbatar ba ta yoyo. Ka cika, ka matse iskar da ke sama, ka murɗe bakin leda ta ciki ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Inda aka fi samun matsala guda uku ne: ɗaure ledojin gaba ɗaya da igiya guda, buɗewa kowane mako don a ɗebi na girki, da ɓera. Ka ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, na girki kuma ka ware shi tun farko. Fiya-fiya da makamantansa na feshi kada su kusanci abin da za a ci. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma wanda ya fi shan wahalarsa shi ne iyalin da ke cin waken a gida.

TAMBAYA: Muna da makiyaya ta gari wadda ta kai hekta dubu. Kullum gardama ake yi kan shanu nawa za ta ɗauka. Akwai hanyar aunawa?
Daga wani makiyayi a yankin Dakoro

AMSA: Akwai, kuma ba ta buƙatar komai sai igiya, da lauje, da sikeli. A ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ta gama girma, a zaɓi wurare kamar ashirin a warwatse, har da inda ciyawar ba ta da kyau. A kowane wuri a auna mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, a yanke duk ciyawar ciki, a shanya ta bushe sarai, a auna, a fitar da matsakaici. Giram 150 a murabba'in mita ɗaya daidai yake da kilo 1,500 a hekta.

Ba duka dabba za ta ci ba. Tattakewa, da gara, da iska, da gobarar daji suna cin rabonsu, kuma dole a bar wani abu ya rufe ƙasa. Masana kiwo a Sahel suna ɗaukar kashi ɗaya cikin uku ne a matsayin abin da zai shiga cikin dabba, wato kilo 500 a misalinmu. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a rana. Rani na wata tara zai ci mata kusan kilo 1,700. Raba 1,700 da 500, kowace saniya na buƙatar hekta uku da rabi, ko ƙasa da haka kaɗan. Hekta dubunku za ta riƙe shanu kusan 290. Tumaki ko awaki goma ana lissafa su kusan saniya ɗaya.

To amma a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, aka samu giram 50 maimakon 150, wannan makiyaya ɗin shanu 100 kawai za ta riƙe. Wannan shi ne abin da gardamarku ta rasa: amsar ba lamba ɗaya ba ce, kowace damina da tata. Kuma watan Mayu da Yuni ne ke yanke hukunci, ba Satumba ba.

Abin da ke faruwa idan dabbobi sun wuce iyaka kuma ba hanyar fita, an gan shi ƙarara a tsibirin St. Matthew da ke tekun Bering, kusa da Alaska. A 1944 an sauke wata irin barewa ta ƙasashen sanyi guda 29 a can. Ba kerkeci, ba maharbi, ga abinci. A 1957 sun kai 1,350, a 1963 sun kai 6,000. Abincinsu wani tsiro ne mai kama da gansakuka da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo, kuma sun cinye shi. Hunturun da ya biyo baya ya zo da tsanani. Da masu bincike suka koma a 1966, guda 42 suka tarar. Ba su sauko zuwa daidai iyaka sun tsaya ba, sun faɗo ƙasa da ita nesa, domin sun lalata abin da ke ciyar da su.

Bambancin garkenku da waɗancan barewa shi ne ƙafa. Makiyayin Sahel ya daɗe da sanin cewa maganin shekarar fari shi ne tafiya: arewa da damina, kudu da rani. A ganinmu duk wanda ya nome burtali ko ya toshe hanyar mashaya ya mai da makiyaya tsibiri, kuma ya fi mai yawan shanu laifi wajen lalacewarta. Shawara ta ƙarshe: idan awon Oktoba ya nuna gibi, a sayar da bijimai da tsofaffin shanu a lokacin, suna da nama kuma suna da kuɗi, a sayi dusa da harawa don masu ciki da masu shayarwa. Wanda ya jira Mayu zai sayar da ƙashi a farashin fata.

TAMBAYA: Na zuba karfasa 500 a tafkin da na haƙa. Bayan wata takwas kifi ya cika tafkin, amma duk ƙanana, ba wanda zai shiga kasuwa. Abincin ne ba shi da kyau?
Daga wata mai kiwon kifi a Yawuri

AMSA: Hajiya, da wuya abincin ne. Karfasa tana fara haihuwa tun tana ƙarama, cikin 'yan watanni, uwar kuma tana riƙe ƙwai da 'ya'yan a bakinta har su yi ƙwari, don haka kaɗan ne ke mutuwa. Tana iya maimaitawa bayan kowane mako huɗu zuwa shida. Abincin da kika auna na kifi 500 yanzu dubbai ke rabawa. Ga kashinsu na gurɓata ruwa, ga iska na ƙaranci, musamman da asuba, lokacin da za ki ga suna taruwa a sama suna haƙi. Nauyin kifin da tafki zai riƙe yana da iyaka. Ko ki same shi a manya kaɗan, ko a ƙanana masu yawa.

Ki yashe tafkin, ki bar shi ya bushe har ƙasa ta tsage don kada ƙwai ko 'ya'ya su saura. Zubi na gaba ki nemi maza zalla daga masu ƙyanƙyasa, domin namiji ya fi saurin girma kuma ba haihuwa. In ba su samu ba, ki saka tarwaɗa kaɗan bayan karfasar ta yi girman da ba za a haɗiye ta ba, su riƙa cinye 'ya'yan. Ki sa raga a bakin bututun shigar ruwa, don mace ɗaya daga kogi ta isa ta mayar da ke inda kika fito.

TAMBAYA: Ina farin dango yake ɓuya a shekarun da ba a ganinsa?
Daga wani malamin makaranta a Tawa

AMSA: Yana nan a hamada, a warwatse, ɗaya nan ɗaya can, har yana gudun ɗan'uwansa. A Nijar, Tamesna da tsaunukan Ayar na cikin wuraren da yake hayayyafa da damina. Macen tana buƙatar yashi mai laima don ta saka ƙwai, 'ya'yan kuma suna buƙatar ɗanyen ganye. Idan ruwa ya sauka da yawa a hamada, kowane zubi na kimanin wata uku yana iya ninka yawansu sau 20. Da ciyawar ta fara bushewa sai su matsu a 'yan wuraren da suka rage da kore, suna gogar juna a ƙafafun baya. Wannan gogayya ce ke canza su cikin sa'o'i kaɗan: su fara neman juna, daga baya launinsu ya sauya, su zama runduna. Cunkoson da ke tsumburar da karfasa, shi ne ke tayar da fara ta yi ƙaura.

Haka aka yi a 2018, lokacin da guguwar teku biyu, a Mayu da Oktoba, suka zubar da ruwa a hamadar Rub'ul Khali ta yankin Larabawa. Zubi uku ba wanda ya lura, yawan ya ninka kusan sau 8,000, kuma shi ne ya afka wa Habasha da Somaliya da Kenya a 2019 da 2020. Nijar ta ga irinsa a 2004, ya haɗu da ƙarancin ruwa, aka shiga matsalar abinci ta 2005. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa dango mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa sama, kuma yana cin abin da mutum 35,000 za su ci a rana. Lokacin yaƙarsa shi ne kafin ya yi fiffike, makonnin da 'ya'yan ke tafiya a ƙasa a dunƙule. Duk makiyayi ko direban da ya ga irin wannan taro a daji ya sanar da jami'an gona a ranar. Farar da aka tsinta a inda aka yi feshi kuma ba ta ciyuwa, ko an soya.

TAMBAYA: An ce yawan haihuwa na raguwa a Najeriya, amma kuma an ce jama'a za su ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama. Ta yaya duka biyun za su zama gaskiya?
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Duka biyun gaskiya ne, 'yar'uwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ya nuna matsakaicin haihuwar mace ɗaya 5.3 a 2018, ya sauko 4.8 a binciken 2023 zuwa 2024. Matsakaicin yana ɓoye bambanci mai girma, domin a 2018 Katsina na da 7.3, Legas 3.4. Adadin da ke sa al'umma ta maye kanta kawai, ba ƙari ba ragi, kusan 2.1 ne inda mutuwar yara ta yi ƙasa. Ke nan har yanzu kowane zubi ya fi wanda ya haife shi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma dalili na biyu. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba. Iyayen gobe an riga an haife su. Ko da kowace yarinya a cikinsu za ta haifi biyu kacal, yawan masu haihuwar ya fi yawan tsofaffin da ke mutuwa sau da yawa. Dubi Iran: daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 2000 haihuwa ta faɗo daga sama da shida zuwa kusan biyu, amma jama'arta ta tashi daga miliyan 49 a ƙidayar 1986 zuwa kusan miliyan 80 a ta 2016. Sin ta sauka ƙasa da 2.1 tun farkon shekarun 1990, yawanta bai fara raguwa ba sai 2022.

Mutane da yawa suna zaton saurin ƙaruwa daga yawan haihuwa ya samo asali. Kakanninmu ma suna haihuwa da yawa, abin da ya canza shi ne mutuwa. Rigakafi, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da ruwa mai tsabta sun raya yaran da a dā ƙyanda da agana da gudawa ke ɗauka. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya ta sauko daga 201 cikin dubu a binciken 2003 zuwa 132 a na 2018, kuma ko wannan adadin abin kunya ne da ya kamata ya ragu sosai. A kusan ko'ina a duniya, sai iyaye sun ga 'ya'yansu na rayuwa sannan haihuwa ke sauka. Sauran abubuwan da ke juya ta su ne shekarun aure, da karatun 'ya mace, da tsawon shayarwa, da tazara tsakanin ciki da ciki. Likitoci suna ba da shawarar a jira shekara biyu bayan haihuwa kafin wani cikin, kuma iyayenmu mata sun san illar kwanika tun kafin a buɗe asibiti.

Ga dabarar lissafi da za ta yi miki amfani a jarrabawa: raba 70 da kason ƙaruwa na shekara, ki samu shekarun ninkawa. Ƙidayar Nijar ta 2012 ta samu mutum miliyan 17.1 da ƙaruwar kashi 3.9 a shekara, wato ninki cikin shekara 18. Mai kashi 2.5 sai shekara 28.

TAMBAYA: Shin ɗan Adam ma yana da iyaka kamar ta shanu a makiyaya?
Daga wani ɗalibin aikin gona a Maraɗi

AMSA: Yana da ita, amma tasa tana motsi, domin shi kaɗai ne ke iya ƙara wa makiyayarsa ciyawa. A 1798 wani malamin coci ɗan Ingila, Thomas Malthus, ya yi hasashen cewa jama'a za su riƙa ninkawa su bar abinci a baya, yunwa ta daidaita su. A lokacin mutanen duniya ba su cika biliyan ɗaya ba. An kai biliyan biyu a 1927, huɗu a 1974, takwas a Nuwamban 2022. Babban abin da bai hango ba shi ne takin zamani: a 1909 Fritz Haber a Jamus ya gano yadda ake kamo naitirojin daga iska, a 1913 Carl Bosch ya mai da shi aikin masana'anta, kuma yau ana ƙiyasin kusan rabin mutanen duniya da wannan takin ake noma abincinsu. Saurin ƙaruwar duniya ya kai ƙololuwa a shekarun 1960 da ɗan sama da kashi 2 a shekara, yanzu ya sauka ƙasa da kashi 1.

Ba sai ka je Turai ba. Karkarar da ke kewaye da Kano ta daɗe tana riƙe jama'a masu yawa a ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, da takin dabbobi, da sharar birni da jakuna ke kaiwa gona, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya. A jiharku da ta Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sassabe shi, suna rage rassa su bar biyu ko uku masu ƙarfi. An ƙiyasta hekta miliyan biyar ne suka sake samun itatuwa ta haka, gawo na gaba-gaba, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Jama'a sun ƙaru, itatuwa ma sun ƙaru.

Sai dai ba mu yarda a fake da wannan a ce ba damuwa ba. Abin da ke wahalar da gari shi ne saurin ƙaruwa idan ya wuce saurin gina abin da za a rayu da shi. Ɗauki gari mai mutum 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 3 a shekara. Kowace shekara mutum 3,000 ne ƙari. A kan lita 20 ga kowane mutum a rana, wadda ita ce mafi ƙarancin abin sha da girki da tsabta, garin na buƙatar ƙarin lita 60,000 a rana, bana, sannan wani ƙarin fiye da haka baɗi. Idan ana haifar 40 cikin dubu, jarirai 4,000 ke nan a shekara. A ce 3,500 sun kai shekara shida, a aji mai yara 40 ana buƙatar ajin farko na firamare kusan 88, kowanne da malaminsa, kuma a Najeriya horar da malami ɗaya a kwalejin ilimi shekara uku yake ci. Duk ƙaramar hukumar da ke son sanin azuzuwa nawa za ta buƙata nan da shekara shida, ta je ta buɗe rajistar rigakafin jarirai ta bana a asibitocin shan magani, adadin yana ciki.